Kujerun Aro

Takarda ta ɗari da goma sha bakwai ke nan a safiyar, kuma Auta ta riga ta buga ta har ƙarshe kafin idonta ya gaya mata abin da yatsunta suka aikata. Haka aikin yake. Shekara tara tana zaune a wannan tebur na hukumar ƙididdiga, tsakanin tagar da ba ta buɗuwa da fanka mai kuka, tana kwashe amsoshin mutane daga takarda zuwa kwamfuta. Rufin gida, kwano. Daɓe, siminti. Ruwan sha, na saye. Ta daɗe da daina karanta sunaye. Da farko takan karanta, ta koma gida da mutanen a kanta har abinci ya gagare ta. Yanzu kuwa ko mutum goma ke kwana a ɗaki ɗaya, ko a jikinta, lamba ce za ta buga ta jawo ta gaba.

Sa hannun da ke ƙasan takardar ne ya tsayar da ita. Mai shi ya ja dogon layi ƙarƙashin sunansa, ya gitta masa wasu ƙanana guda uku kamar ɗinki. Tela ɗaya ta sani a duniya mai sa hannu haka, Babanta, shi ne kuma ya yi ta sa mata shi a katin sakamakon jarrabawa tun tana firamare. Ta ɗaga ido zuwa saman takardar: gida na uku bayan injin niƙa, ƙofa shuɗiya. Sannan ta dubi allon kwamfutar. Maki arba'in da bakwai. Rukuni na uku.

Gwamnati ce ta ce ta gaji da raba tallafi a makance, za ta kasa jama'a gida biyar gwargwadon yadda rayuwa ta yi da kowa. Rukuni na ɗaya masu hali ne, na biyar waɗanda ba su da ko na yau. Kowace amsa da makinta. Wanda ya kai arba'in yana rukuni na uku, masu rufin asiri. Wanda ya gaza haka ya faɗa na huɗu. Daga ɗaya ga wata mai kamawa, katin asibiti na kyauta na 'yan rukuni na huɗu da na biyar ne kawai. Baba kuwa shekara biyu ke nan ƙodarsa ta ajiye aiki. Kowace Litinin da Alhamis ana yi masa wankin ƙoda a ƙarƙashin tsohon tsari, wanda zai ƙare tare da wannan watan. In babu kati, albashin Auta ko ta haɗa da na mijinta ba zai kai shi mako biyu ba. Wanda aka daina yi wa wanki kuma, likita ya taɓa gaya mata ba kwana-kwana, ba ya daɗewa.

Ta jira gabanta ya faɗi. Bai faɗi ba. Sai kawai ta jawo takardar ta karanta ta layi-layi, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Kujerun kushin, akwai. Fanka, akwai. Firji, akwai. Cin abinci, sau uku. Nama, sau biyu a mako. Ɗa ko 'ya mai albashi da ke ɗauke da nauyin gida, akwai. Gidan wane ne wannan? Kujerun gidansu su aka fara sayarwa da ciwon Baba ya tsananta, fanka ta bi bayansu. Firjin yana nan, gaskiya, amma rabonsa da sanyi tun kafin ta yi aure, Inna ta mayar da shi ma'ajiyar faranti.

Gogewa ba ta yiwuwa. Kowace takarda ma'aikata biyu ke buga ta a ɗakuna daban, in lamba ɗaya ta saɓa sai kwamfuta ta yi ja. An tsara hakan ne don irin su Auta, masu uba a cikin tarin takardun.

Ta samu Dogo a bayan ofis yana tsugune gaban babur ɗinsa yana goge fulogi. Shi ne ma'aikacin da ya zaga unguwar, lambarsa ce a kan takardar. Da ta ambaci ƙofa shuɗiya sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai ba zai manta tsohuwar ba, ta zaunar da shi a kushin, ta juyo masa fanka, ta kawo lemo. Har ta nuna masa hoton 'yarta a bango da rigar kammala karatu, wai ai ya san ta. Ya ce mata ya sani, don kowace tsohuwa haka take cewa.

"Ni ce a hoton," in ji Auta.

Dogo ya dube ta, ya dubi fulogin. Bai ce ta yi ƙiba ba, amma ta ga maganar ta zo masa baki ya haɗiye. Ya yi ta rantsuwa cewa abin da ido ya gani da abin da aka gaya masa shi ya rubuta, ta ce ta sani.

Shugaban sashensu, wanda ba a kiransa da komai sai Jan Biro, ya saurare ta yana ƙwanƙwasa tebur da biron nasa. Ya ce akwai takardar koke, doka ce ta ba kowa, ba alfarma ba ce. Sai dai yau ƙarfe huɗu ake rufewa. Dogo zai koma gidan ƙarfe biyu ya sake tambayoyin daga farko, ya ɗauki hoton ɗakin a liƙa da takardar. Ita ba za ta taɓa takardar tambayoyin ba, ba za ta buɗe baki ba. Ta kuma sani cewa duk gidan da ya yi koke, masu bin sawu daga hedikwata na iya faɗo masa kowace rana ba sanarwa. Ya zaro takardar koke guda ɗaya daga aljihun tebur ya miƙa mata ba tare da ya ɗago ba.

A cikin bas ta samu kanta tana yi wa fasinjoji maki, ba da niyya ba. Matar da ke gabanta, takalmi sabo amma jaka ta sha ɗinki, rukuni na uku. Dattijon da ke gyangyaɗi da agogon da ya tsaya, na biyu ne da yake gangarowa. Ta gwada tuna fuskar Baba, sai lambar arba'in da bakwai ta riƙa tsaya mata a ido. Ta ji kunyar hakan, amma kunyar ma daga nesa take jin ta, kamar rediyon maƙwabta.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana wanke zanin gadon Baba. Falon yana nan yadda ta san shi: tabarma, firji a lungu an lulluɓe shi da mayafi mai fure, hotonta a bango. A kan simintin kuwa ga sawun da ƙafafun kujeru suka bari inda aka ja su. Inna ta yi mamakin ganinta da rana tsaka, ta jero gaisuwa, ya maigidan, ya yara, ya aiki. Auta ta amsa duka a tsaye, sannan ta nuna sawun da ƙafa.

"Inna, kujerun wa kika kawo ranar Talata?"

Inna ta matse zanin a hankali. Ta ce na matar direba ne, ta ƙarshen layi, da fankar duka. Kuma ba ita kaɗai ba ce, don kada a ce. Da aka ji baƙin gwamnati na tafe gida-gida, matan layin suka haɗa kai. Ma'aikacin yana gama wannan gida, kafin ya gaisa da na gaba ya sha ruwa a zaure, an fice da kujerun ta ƙofar baya an shimfiɗa su a can. Guda uku ne, masu ruwan goro. Gida goma sha ɗaya suka zaga ranar, ba wanda ya ji kunya.

"Kin san me aka zo tambaya?"

"Ke kika ce mutanen ofishinku ne za su zo, in amsa musu. In bari su koma su ce uwar Auta a tabarma take zaunar da baƙi? Su riƙa kallonki da shi kullum?"

Haka ne, ita ta faɗa. Ta tuna wayar sarai. Tana tsaye a tasha, bas na tahowa, ta ce Inna mutanen ofishinmu za su zo ranar Talata ki amsa musu tambayoyi, ta kashe. Ita da ta san nauyin kowace amsa a kan takardar kamar sunayen 'ya'yanta, ba ta ƙara kalma ɗaya ba, don ta gaji ranar, kamar yadda take gajiya kowace rana.

Ta zauna a bakin baho ta yi wa Inna bayani da muryar da take yi wa baƙi a ofis, rukuni biyar, maki arba'in, kati, ɗaya ga wata. Inna ta saurara hannunta cikin ruwan sabulu. Da aka zo kan wankin ƙoda sai hannun ya tsaya, bai sake motsi ba.

Daga ɗaki Baba ya kira ta, ashe duk yana ji. Yana kishingiɗe, ƙafafunsa sun kumbura an ɗora su a kan filo, keken ɗinkinsa na gefe an tara magunguna a kai. Shi abin da ya dame shi daban ne: so yake ya ji matar direba rukuni na nawa ta samu. Ya ce ai gidanta Dogo ya shiga a ƙarshe, kujerun kuma ba su dawo ba, suna gidan mai faci ana gardamar wanda zai ɗauka. Auta ta yi tunani. A takardun layin da ta buga ɗazu ba ta karanta ba, ɗaya ce tak kwamfuta ta jefa rukuni na huɗu.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta ɗaga shi ta ba shi ruwa ɗan kaɗan, don likita ya hana shi sha da yawa. Ya ce to madalla, mai kujeru ta samu kati, marasa kujeru sun samu mutunci. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ƙirga a zuci, gida goma sha ɗaya, takardar koke kuma ɗaya ce a jakarta. Ta lura da hakan kamar yadda ake lura da hadari a garin da ba naka ba, ta zaro takardar ta ɗora masa a kan littafi.

"Rukuni na huɗu," in ji Baba yana gyara biro. "Daga uku zuwa huɗu, ai ƙarin girma ne." Ya ja dogon layinsa, ya gitta masa ukun.

Saura rabin awa Dogo ya iso. Auta ta yaye mayafin firjin ta buɗe ƙofarsa, don a ga faranti da kwanukan bikin Inna jere a ciki. Ta ce wa Inna ba ƙarya ake so ta yi ba, gaskiya kawai, abin da yake shi za ta faɗa. Inna ta ce to. Sannan Auta ta tsaya gaban bango. Yarinyar da ke hoton siririya ce, hular ta yi mata yawa, tana dariyar wadda ta tabbata ta gama fitar da gidansu daga wahala. Hoton ba shi da maki, amma in ya fito a hoton ɗakin, wani a hedikwata zai tambaya. Ta miƙa hannu ta sauke shi, ta jingina shi a bayan firji. Inda yake ya bar fili mai haske a bangon, da ƙusa a sama. Inna tana kallo daga bakin ƙofa, ba ta tambayi dalili ba.

Dogo ya yi sallama ƙarfe biyu da 'yan mintuna, ya cire takalmi ya naɗe dogayen ƙafafunsa a tabarma, bai san inda zai ajiye idonsa ba. Inna ta kawo masa ruwa a kofin gilashi, ta ba shi haƙurin wurin zama har sau biyu. Ya ce ba komai, Inna, shi ma a tabarma ya tashi. Auta ta jingina da bango ta harɗe hannu, bakinta a rufe kamar yadda aka umarce ta.

Ya fara. Rufi, daɓe, ruwa, makewayi, duk ba su canja ba. Kujerun kushin? Inna ta ce babu, na aro ne. Auta ta cire biyu a zuci, arba'in da biyar. Fanka? Ita ma ta aro ce. Arba'in da huɗu. Firji? Dogo ya leƙa ya ga faranti, ya rubuta da kansa. Arba'in da uku. Sau nawa ake cin abinci? Inna ta gyara zama, ta ce shi malam ana ƙoƙari ya ci uku saboda magani. Dogo ya ce ita fa? Ta ce ita ba ta cika jin yunwa da rana ba. Ya rubuta biyu. Arba'in da ɗaya. Auta ba ta san wannan ba. Duk zuwan da take yi, Inna cewa take yanzu ta gama ci. Nama? Inna ta yi ɗan murmushi ta ce sai dai in an yi baƙi. Arba'in.

Arba'in rukuni na uku ne har yanzu. Tambaya ɗaya ta rage, mai maki uku, kuma duk ɗakin Auta da Dogo ne kawai suka san haka.

"Akwai ɗa ko 'ya mai albashi da ke ɗauke da nauyin gidan nan?"

Daga waje ana jin injin niƙa. Dogo ya sake karantawa a hankali, ya ce ba wai ko tana da 'ya ake tambaya ba, ko akwai wanda ya ɗauke musu nauyin gidan, ci da sha da magani.

"Tana bakin ƙoƙarinta," in ji Inna. "Tana da nata yaran. Duk wata sai ta aiko."

"Babu gurbin wannan a takardar, Inna. Akwai ne, ko babu."

Auta ta kafa ido a kan tabarma. Ta san amsar da take so, ita ta taso tun daga ofis don a faɗe ta. Ta kuma san amsar ba ƙarya ba ce, abin da ya fi komai nauyi ke nan. Ɗan abin da take aikowa farkon wata ba ya kaiwa goma ga wata. Gidan nan ba ta ɗauke shi ba, Inna ce ke ɗauke da shi da barin cin rana. A ɗaki Baba ya daina ko tari.

Inna ba ta dubi Auta ba. Ƙusar da ke bango ta duba.

"Babu," ta ce.

Dogo ya rubuta. Auta ta saurari kanta ko za ta ji wani abu ya tsinke, amma abin da ya zo mata lissafi ne kawai, talatin da bakwai. Ya miƙe ya ɗauki hoton ɗakin da waya, tabarma, firji a buɗe, bango da fili mai haske. Ya shiga ya gaida Baba ya karɓi sa hannu, ya ce zai kai takardar kafin uku da rabi, katin kuma in Allah ya yarda zai fito kafin ƙarshen wata. Inna ta raka shi har zaure. Auta ta ji tana tambayarsa ƙasa-ƙasa wa zai karanta takardar nan a ofis. Dogo ya ce ta kwantar da hankalinta, ba wanda ke karantawa, bugawa kawai ake yi.

Da ƙarar babur ta yi nisa, Baba ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce a gaya wa matar direba yanzu ajinsu ɗaya, ta daina yi masa kallon talaka. Auta ta sunkuya ta zaro hoton daga bayan firji, ta share yanar gizon da ya kwaso da gefen mayafinta, ta ɗaga shi tana laluben ƙusar.

"Bar shi," in ji Inna daga bayanta. "Ba kin ce suna iya dawowa ba sanarwa ba?"

Ta karɓi hoton daga hannun Auta, ta hura gilashin ta goge da bakin zaninta sosai, har kusurwoyi. Ta matsar da kwanukan bikinta gefe, ta kwantar da shi a kantar sama ta firjin, fuska ƙasa don kada ƙura ta hau. A nan ne abin ya iso wa Auta, ba ta shirya ba, ta ji tana son uwarta ta zage ta ko ta yi kuka, ko ta ce mata ba ta kyauta ba. Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce mata ta hanzarta kada ta rasa bas, aiki na jiranta.

Sannan ta tura ƙofar firjin, ta danna ta da gwiwa, don ba ta kamawa sai an danna.